Mai Kwanan Waje Ma Yana da Suna

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sanyi. Iyayenmu mata da ke cikin gida, ina gajiya? Direbobin da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Masu shayi, masu gadi, teloli da ke kan keke rediyo na gefe, duk ina gaishe ku da kyau.

Yau ina so mu yi magana a kan wani maƙwabcinmu. Maƙwabci ne da kullum muke wuce shi. Ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa masa. Ba shi da ɗakin da zai ce a shigo. Inda dare ya yi masa, nan ne gidansa. Ina nufin mai kwanan waje. Mai kwana a tasha, mai kwana a barandar shago, mai kwana a ƙarƙashin gada.

Maganata guda ce, kuma zan yi ta nanata ta har mu rabu. Mutumin nan yana da suna. Yana da mutunci. Ɗan abin da za ka yi masa, in ka yi shi da mutuntawa, yana da nauyin da ba ka zato.

Bari mu fara da abin da ido ke gani.

Duk wanda ya taɓa fita a Kano bayan sallar asuba cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da zan faɗa. Hazo ya rufe gari. Iskar hunturu tana kaɗawa, tana ratsa riga har ƙashi. Ka bi ta Ƙofar Nasarawa, ka duba ƙarƙashin gadar sama. Ka ratsa Sabon Gari, ka dubi barandar shaguna. Ka leƙa tasha kafin motoci su fara lodi. Za ka ga abubuwa a jere a ƙasa, kai ka ce kaya aka ajiye. Sai ɗaya ya motsa, sannan ka gane ashe mutum ne.

Matsa kusa ka gani. Shimfiɗarsa kwali ne, irin na taliya ko na sabulu, an farke shi an baje. Mayafinsa buhu, ya zura ƙafafunsa ciki har gwiwa. Ya yi matashin kai da silifas ɗinsa, don in ya bar su a gefe, da safe sai dai labari. 'Yan kuɗin da ya samu jiya suna ƙulle a ƙugunsa. Barcinsa rabi da rabi ne. Kunne ɗaya yana sauraron ɓarawo, ɗayan yana sauraron takun mai shago. Kafin gari ya gama wayewa ya naɗe kwalin, ya cusa shi bayan rumfa, ya kakkaɓe jikinsa, ya shige cikin mutane. Da hantsi in ka gan shi yana tura kurar ruwa, ko yana dako a kasuwar Singa, ba za ka taɓa cewa a titi ya kwana ba.

To, su wane ne waɗannan bayin Allah? Dole mu tambaya, domin mun saba yi musu kuɗin goro.

A cikinsu akwai ɗan ci-rani. Ya gama girbi, ya shigo birni neman abin da zai riƙe gida kafin damina. Ya yi lissafi, ya ga in ya kama ɗaki ba abin da zai aika wa iyali. Sai ya haƙura da baranda. Akwai manomin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensa a Zamfara, ko Katsina, ko Sakkwato. Jiya yana da rumbu, yana da shanun huɗa, ana sallama a ƙofar gidansa. Yau ko tabarma ba shi da ita. Akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, rikicin da ya ɓarke tun 2009, wasunsu har yau ba su koma ba. Kun tuna watan Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle? Mutanen Maiduguri sun kwanta a ɗakunansu, gari ya waye suna kan titi daga su sai kayan jikinsu. A cikinsu akwai malamai, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikata.

Akwai kuma wanda tsadar rayuwa ce ta fito da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kuɗin abinci da na haya suka yi tashin gwauron zabi. Mai gida ya yi haƙuri, ya ƙara haƙuri, daga baya ya ce a ba shi ɗakinsa. Matar ta kwashi yara ta tafi gidan iyayenta. Shi kuwa kunya ta hana shi komawa ƙauye hannu rabbana. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka riga ta gidan gaskiya. Akwai yaron da aka kawo karatun allo, malamin ya tashi ko ya rasu, shi kuma bai san hanyar garinsu ba. Akwai mai taɓin hankali da danginsa suka gaji da shi.

Hausawa suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Duk wanda ka gani a kan kwali, ya taɓa kwana a ɗaki.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Labarin kuskurena ne.

Akwai wani dattijo da ke zama kusa da teburin mai shayin unguwarmu. Na fi wata shida ina wuce shi. In da canji a aljihu, sai in jefa masa a kwano ina tafiya. Ban taɓa tsayawa ba. Ban taɓa duban fuskarsa ba. A raina na yi sadaka, na sauke nauyi.

Wata safiya na zauna shan shayi. Sai ga shi ya taso yana ɗingishi. Mai shayin saurayi ne, bai wuce sa'an ɗana ba. Ya ajiye abin da yake yi, ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Yaya ƙafar?" Ya gyara masa wuri a kan benci, a gefena. Ya zuba masa shayi a kofin da yake zuba wa kowa. Ya yanka burodi, ya miƙa masa da hannu biyu. Bai ɗaga murya ba. Bai waiwaya ya ga ko ana kallonsa ba.

Kunya ta rufe ni. Na yi wa dattijon sallama. Ya amsa, ya dube ni, ya ce ai ya san ni, ni ne mai wucewa da sauri. Na tambayi sunansa da garinsu, ya gaya mini. Ba zan faɗi sunan a nan ba, domin sirrinsa ne. Ashe manomi ne. Ya yi shekara da shekaru yana noman gero da wake. Ya aurar da 'ya'ya. Har ladanci ya yi a masallacin ƙauyensu. Da hira ta yi nisa sai ya faɗi wata magana da har yau take ci mini rai. Ya ce yunwa ana jure ta, sanyi ma ana jure shi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ya wuni a tsakiyar dubban mutane, ba wanda ya ce masa ina kwana.

Ku ji fa, jama'a. Ba wanda ya ce masa ina kwana. A ƙasar Hausa! Ƙasar da muke tsayawa mu tambayi gida, mu tambayi iyali, mu tambayi gajiya, mu tambayi kwana biyu, mu sake komawa farko. Amma ga mutum zaune a bakin hanyarmu, mun hana shi kalma biyu.

A ranar na gane bambancina da yaron nan mai shayi. Ni ina ba dattijon ne don in samu in wuce. Shi kuwa yana ba shi ne don ya zauna.

Sai mu waiwaya baya kaɗan. Shin da can haka muke?

Wanda ya tashi a tsohon gari ya san zaure. Kanawa kan ce soro. Ɗaki ne a bakin gida, ƙofa ɗaya tana kallon waje, ɗaya tana kallon ciki. Nan maigida ke karɓar baƙi. Nan ake karatu. Nan kuma baƙon da dare ya yi wa yake kwana. Matafiyi ya iso gari bayan magariba bai san kowa ba, sai ya nufi masallaci ko gidan mai unguwa. Kafin ya huta an aiko masa da tuwo. A ba shi tabarma, a ba shi buta, a nuna masa zaure. Sai da safe ake tambayarsa inda ya dosa. Iyayenmu cewa suke yi baƙonka annabinka. Haka fatakenmu suka yi ta ratsa daji da jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Duk inda suka yada zango akwai masauki, akwai mai masauki. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da sauran biranen Gana, daga nan suka samo sunansu.

Ku tuna ciyayya. Magidanta su fito da kwanukansu ƙofar gida da dare, a haɗa a ci tare. Duk wanda ya gifta sai a ce masa bisimilla. Mai shi da marar shi hannunsu a kwano ɗaya, ba mai bin diddigin wa ya kawo me. Ku tuna randar ruwa a ƙofar gida, da moɗa a kanta, kowa ya zo ya sha ya wuce. Ku tuna almajiri da uwar ɗakinsa. Ta san sunansa. Ta san ranar da bai zo ɗaukar abinci ba, har ta aika a dubo ko lafiya.

Yau fa? Mun gina gida ba zaure. Mun ja katanga, mun sa get, mun ɗora waya mai ƙaya a sama. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i, saboda satar fanka da lasifika, da kuma halin da tsaro ya shiga. Ban zargi kowa ba. Zamani ya zo da abin tsoro, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Baƙon nan bai daina zuwa ba. Zauren ne muka rushe. Baƙon ne yanzu kwance a ƙarƙashin gada.

Daga al'ada, bari mu leƙa addini.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, a Madina, akwai wata rumfa da ake kira Suffa. Su wa ke kwana a cikinta? Sahabban da suka zo ba su da gida, ba su da dangi a garin, ba su da dukiya. Da harshenmu na yau, marasa matsuguni ne. Ba a kai su bayan gari ba. A jikin masallaci aka ajiye su. In an samu abinci a aika musu. Masu hali kan ɗauki mutum ɗaya ko biyu su tafi da su gida cin abincin dare. A cikin mutanen rumfar nan akwai Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda. Ka duba, mai sauraro. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, a rumfar marasa gida ya zauna.

Akwai kuma labarin wata baiwar Allah da ke share masallacin. Talaka ce. Ta rasu, aka binne ta, ba a sanar da Manzon Allah ba, don an ga abin bai kai a dame shi ba. Da bai gan ta ba, sai ya tambaya. Aka gaya masa. Ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Abin da ke taɓa ni a labarin nan shi ne, ya lura ba ta nan. Ya yi cigiyarta. Mu fa, in mai kwana a bakin layinmu ya ɓace yau, kwana nawa za mu yi kafin mu lura?

'Yan'uwanmu Kirista da ke saurare, ku ma kun san matsayin ciyar da mai yunwa da saukar baƙo a addininku. Maganar ta shafe mu duka.

To, me za mu iya yi? Na san kowa yana fama da kansa. Shi ya sa zan fara da abin da ba ya cin ko kwabo.

Ka yi masa sallama. Ka tsaya, ka dube shi. In dattijo ne ka ce Baba. In tsohuwa ce ka ce Iya. In sa'anka ne ka ce Malam. In yaro ne ka tambayi sunansa, ka daina kiransa "kai almajiri". Gobe in ka dawo ka kira shi da sunan, ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In ya roƙe ka ba ka da shi, ka ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba," da sakin fuska. Ban da tsaki. Ban da ɗaga gilashin mota kamar ka ga annoba.

In kuwa za ka bayar, ka lura da hannunka. Kada ka yi irin tawa, kada ka jefa. Ka miƙa da hannun dama. In yana zaune a ƙasa, ka ɗan rusuna. Uwargida, ke ma ina roƙonki. Tuwon da ya kwana biyu ya yi yami, wanda ba za ki ba ɗanki ba, kada ki juye shi a robar ɗan wani. In kin sauke tukunya, ki ɗebi nasa tun da zafinsa. Ko loma uku ce, ta zama mai kyau.

Sannan ka tambaye shi abin da yake buƙata. Mukan yanke wa mutum hukunci ba mu ji ta bakinsa ba. Wani ya riga ya ci abinci, sabulu yake nema. Wani akwai lambar ƙaninsa a wata 'yar takarda da ta yi laushi a aljihunsa, so yake a kira masa shi. Wani kuɗin mota ne ya tsare shi a garin nan. Wani wurin da zai ajiye ƙunshin kayansa da rana yake so, don ya samu ya fita neman aiki. Ba za ka sani ba sai ka tambaya.

Bari in ɗan tsaya a kan wanka, domin abu ne da ba mu cika tunawa ba. Mu da muke da famfo ko rijiya a gida, mun ɗauki wanka abin banza. Mai kwanan waje kuwa, wanka da kuɗi yake yi. Ban-ɗaki da kuɗi. In abin da ya samu a wuni bai kai ba, dole ya zaɓa tsakanin cikinsa da jikinsa, kuma ciki ne zai yi nasara. Ya yi mako bai yi wanka ba, sai mu toshe hanci mu ce ƙazami ne. A ina zai yi? In ya je neman aiki da kaya masu dauɗa, wa zai ɗauke shi? Ko a sahun salla sai ka ga ana jan jiki ana barin masa fili. Shi kuma yana gani, yana ji a ransa. Don Allah, in kana da hali, ka biya masa kuɗin gidan wanka. Ka haɗa masa da sabulu. Mai aski, ka ware kai ɗaya a mako fisabilillahi. Mai wanki da guga, ka karɓi riga ɗaya. Mutumin da ya yi wanka, ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, hatta tafiyarsa takan canja. Na ga haka da idona.

Ga kuma sanyin da muke ciki. Akwai rigar sanyi a ƙasan akwatinka, shekara uku ba ka sa ta ba. Akwai bargon da yara suka girme wa. Akwai hula, akwai safa. Fito da su yau, kada ka bari sai zafi ya shigo. Ka haɗa da ɗan man shafawa. Dubi dugadugan mai kwanan waje a watan nan. Faso ya tsattsaga su har jini, kuma da ƙafar yake neman abinci.

Masu shaguna, ku ma ga tawa gare ku. Na taɓa ganin wani ya kulle shagonsa da dare, ya ɗebo ruwa ya kwarara a baranda, don kada kowa ya kwanta. Cikin hunturu. Na daɗe ina tunanin wanda ya iso wurin da kwalinsa a hammata, ya tarar da ƙasa jiƙe. In kana da dalilin hana kwana a ƙofarka, ka faɗa da baki. In ba ka da shi, ka bar bawan Allah ya kwanta. Ku yi sharaɗi, ya tashi da wuri, ya share wurin. Sau da yawa ma shi zai zame maka mai gadi.

Yanzu kuma ga wata sabuwar ɗabi'a da dole in taɓo. A ba mutum taliya ƙwaya biyu, a kafa masa waya a fuska, kafin la'asar hotonsa yana yawo a Facebook da TikTok. Jama'a, mutumin nan yana da 'ya'ya. Yana da surukai a ƙauye, waɗanda suke zaton yana birni yana sana'a. Ka ciyar da shi wuni ɗaya, ka tona masa asirin da ya yi shekara yana rufewa. Ƙungiyoyin agaji, na san masu ba ku gudummawa suna son shaida. Ku ɗauki hoton kayan. In dole sai da fuska, ku nemi izini. In ya ce a'a, ku ba shi kayansa, ku mayar da wayar aljihu.

Kada mu manta da mata. Macen da ke kwana a waje tsoronta ninki biyu ne. Ita ba ta barci, gyangyaɗi take yi da goyo a jikinta. Iyayenmu mata, ku kuka fi sanin abin da take buƙata wanda ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Zani, hijabi, audugar mata, wurin da za ta kewaya a suturce. In akwai dattijuwa a unguwa mai ɗaki a sarari, a yi magana da mai unguwa a sama mata wuri. Shi kuwa wanda zai ga yunwar mace ya mai da ita hanyar lalata, ya ji tsoron Allah. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Haka ma masu taɓin hankali. Yara suna binsu da jifa, manya suna zaune suna dariya. Ciwo ne fa, kamar kowane ciwo, kuma ana maganinsa. Akwai asibitinsa a Dawanau nan Kano, akwai a Barnawa a Kaduna, akwai a Kware ta jihar Sakkwato, akwai a Maiduguri. In ba za ka iya kai shi ba, ka iya tsawata wa ɗanka. Yaron da ya ga ubansa ya gaishe da marar lafiya, da wuya ya ɗauki dutse.

Na san wani yana saurarena yana cewa, "Malam, ai a cikinsu akwai ɓarayi. Akwai 'yan ƙwaya. Akwai waɗanda suka mai da bara sana'a." Gaskiya ne, ban musa ba. Ban ce ka buɗe wa wanda ba ka sani ba ɗakin iyalinka ba. Taka-tsantsan wajibi ne. Amma laifin mutum ɗaya ba zai sa a hana goma sallama ba. In kana tsoron kuɗinka zai tafi wurin mai ƙwaya, ka saya masa abinci. Kuma ka lura da wannan. Unguwar da ta san sunan mai kwana a bakin layinta, ta san garinsu, ta san abin da ya kawo shi, ta fi saurin gane baƙuwar fuska in ta shigo. Sanin mutum ma tsaro ne.

Wani kuma zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu ɗauke mata nauyin ba. A farkon 2020 gwamnatin Kano ta haramta bara a kan titi. A cikin shekarar, lokacin annobar korona, mun ga yadda jihohin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, je ƙarƙashin gada yau da dare ka gani. Kora ba ta samar wa mutum ɗaki. In an tashe shi nan, can zai koma. Muna kira ga hukuma ta tanadi wuraren kwana masu tsabta. Ta gina ban-ɗaki da wurin wanka na kyauta a tashoshi da kasuwanni. In za a kwashe mutane daga titi, a yi da mutunci, ban da duka, ban da ƙona musu 'yan kayansu. Masu fitar da zakka su tuna cewa matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin waɗanda aka ce a ba. Kwamitocin masallatai su duba, ko 'yar rumfa ce a haraba, a san masu kwana a cikinta, a rubuta sunayensu.

Amma kafin hukuma ta zauna ta tashi, daren yau ma za a yi sanyi. Shi ya sa na dawo kanmu, ni da kai.

Bari in ƙarasa muku labarin dattijon nan. Wata safiya bai fito ba. Washegari ma haka. Mai shayin ne ya fara cigiya. Ya bar teburinsa a hannun ƙaninsa, ya bi lungu yana tambaya. Ya same shi a wani kango, zazzaɓi ya kwantar da shi. Masu shan shayi muka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka kai shi asibiti. Da yake mun san sunansa da garinsu, aka bi ta wurin direbobin tasha har aka samo ɗan ƙaninsa. Ya zo ya tafi da shi. Da ba mu san sunan nan ba, da ba mu san wanda za mu nema ba.

Mai sauraro, gobe da safe za ka fita. Za ka bi hanyar da ka saba bi. Wanda ka saba wucewa yana nan inda ka bar shi. Ina roƙonka don Allah, ka rage sauri. Ka ce masa ina kwana. Ka tambayi sunansa, ka riƙe shi. In da rigar sanyi a gida, ka taho da ita.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuke jin muryata daga rediyon mai shayi ko na mai gadi, kuna jiran a rufe shago ku shimfiɗa kwali, sannunku da sanyi. Muna gaishe ku. Ku yafe mana wucewar da muka yi ta yi. Allah ya rufa muku asiri, ya ba ku matsuguni, ya haɗa ku da iyalanku cikin aminci.